Labarin Wasiƙa A Hanyar Birnin Kudu Da Gwaram

Daga birnin Kano zuwa Birnin Kudu kimanin mil 80 ne, in an bi ta Wudil da Takai da Kachako. Gwaram kuwa tana gaba, can kusa da iyakar ƙasar Bauci, ta ɗara mil 100. A yau mutum ya kan karya kumallo a Kano, ya yi azahar a Gwaram, bai ko matsa wa direba ba. Amma ku 'yan makaranta, in kuka zauna da dattawan waɗannan garuruwa kuka ɗauko musu zancen wasiƙa, abin da za ku fara ji shi ne, ta makara. Wanda aka yi wa rasuwa ya ji bayan an share makoki, wanda aka kira aiki ya ji bayan an ba wani. To, bari mu bi sawun wannan makara tun daga zamanin manzannin sarakuna, mu ga wurin da wasiƙa ta kan kwana a hanya, da dalilin kwananta.

Kada ku zaci Turawa ne suka koya mana aikawa da takarda. Tun ba su zo ba kowane babban sarki yana da malamai masu rubuta masa wasiƙu da Larabci, a buga hatimi, a naɗe, a miƙa wa manzo ya hau doki. Sa'ad da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903 sun tarad da tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari, wani Bature mai suna Backwell ya tattara fassararsu, aka buga a Ikko a 1927. Wanda ya karanta su zai ga yadda sarakuna ke sanad da Sakkwato duk motsin da Turawa suka yi, tun suna can bakin Kwara da Binuwai. A ƙasar Kano kuwa manyan hakimai a birni su ke zaune a lokacin, kowa yana da jakadunsa masu kai da kawowa tsakaninsa da garuruwan da ke hannunsa.

Kudancin Kano yana da nasa dalilin sauri, watau Ningi. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 19 Ningawa su kan sauko daga duwatsunsu su kawo hari, ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram kuwa su ne a bakin hanya. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su. In labarin hari ya kwana a hanya, gari ne za a ƙone, mutane ne za a kora bayi. Saboda haka manzon sarki ba ya jiran kowa. Duk garin da ya sauka a ba shi masauki da tuwo, a ba dokinsa dawa da harawa, da asuba ya ɗaura sirdi ya wuce. Ku riƙe wannan, don za mu bukace shi a gaba: mutum guda ne ya karɓi takardar daga hannun mai ita, shi ne kuma zai sa ta a hannun wanda aka aika wa. Ya san fuskarsa, ya san ƙofar gidansa, ya kuma san abin da zai same shi in ya yi sakaci.

Talaka fa? Shi ba shi da manzo. Sai ya jira falke, ko almajiri, ko mai tafiya ci-rani, ya ba shi saƙon baka, ko 'yar takardar ajami ya cusa a hula. Zai kai, amma sai ran da Allah ya kai shi, gama in ya biya wata kasuwa ya ga ciniki na ci, saƙo sai ya yi haƙuri. Daga nan ne Hausawa suka ce zuwa da kai ya fi saƙo.

Dabarar gidan waya ita ce a sama wa talaka manzo da ɗan kuɗi kaɗan. A Ingila dā mai karɓar wasiƙa shi ke biya, gwargwadon nisan da ta yi, har matalauci ya kan ƙi karɓar tasa don ba shi da abin fansa. Sai wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya kawo shawara a riƙa biyan kwabo ɗaya tak, kome nisa a cikin ƙasar, mai aikawa kuma shi zai biya tun farko, a manna wata 'yar takarda mai hoton Sarauniya Biktoriya shaidar ya biya. Aka soma haka a 1840. Wannan 'yar takarda ita muka sa wa suna kan sarki, ko da ya ke na farko da aka buga wa Nijeriya ta Arewa a 1900 kan sarauniya ne, sai a 1902 na ɗanta Sarki Edward ya fito. An buɗe gidan waya a Ikko a 1852, a Lakwaja a 1899. Sunan nan na gidan waya kuwa ya samo asali ne daga wayar tangaraho da aka ja bisa turaku daga Lakwaja zuwa Zungeru, har ta iso Zariya da Kano bayan an ci Kano a 1903. Ma'aikata ɗaya ce ke riƙe da waya da wasiƙa duka, a ɗaki ɗaya, sai sunan waya ya rinjaya.

Yanzu ku dubi yadda doguwar hanya ta yi ta raguwa. Da fari wasiƙar Ingila ta kan yi mako biyu ko fiye a teku, sa'an nan jirgin ruwa ya hau Kwara da ita, sa'an nan 'yan ɗauko su ɗora jakunkuna a ka daga Zungeru har Kano. A 1911 dogo ya iso Kano, tafiyar Ikko ta komo kamar kwana biyu a jirgin ƙasa. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, ba a taɓa ganin irinsu ba a Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu ta Hartum, tsakanin Landan da Kano bai wuce mako guda ba.

Ga abin mamaki kuwa, duk ragin nan bai taɓa mil 80 ɗin nan namu ba. Ku ɗauko taswira ku duba. Dogon da ya tashi daga Kano ya nufi gabas ta Ringim ya bi, da Malam Madori, ya tsaya Nguru a 1930, gama gyaɗa ya ke bi. Wanda ya bi ta kudu kuma daga Kuru kusa da Jos ya tashi, ya shiga Bauci a 1961, ya wuce Gombe, ya kai Maiduguri a 1964. Birnin Kudu da Gwaram suka zauna tsaka, kamar baƙon da aka ajiye wa akushi dama da hagu, hannunsa bai kai ko ɗaya ba. Lissafin ba wuya. In mai ƙafa yana cin mil 20 a yini, Birnin Kudu kwana huɗu ke nan, Gwaram biyar ko shida. Da motocin gyaɗa suka yawaita an sami sauƙi da rani, amma hanyar ƙasa ce, damina na sauka sai ta rufe. Ga kogin Wudil a gaba, wanda kafin a yi masa gada sai da kwalekwale, ga kuma kogin Bunga a ƙasar Gwaram, in ya cika ya batse sai a zauna bakin gaɓa a jira shi ya sauka. Ashe wasiƙar da ta ƙetare teku da hamada cikin mako guda tana iya cin wani makon tsakanin Kano da Gwaram.

Wannan ma in ta tashi daga Kano da wuri ke nan. A 1907 da 1908 Razdan Cargill ya sa hakiman Kano su bar birni, kowa ya koma ya zauna a ƙasarsa. Tun daga nan takardun mulki, na haraji da na shari'a da na ƙidayar shanu, suka riƙa tafiya tsakanin ofishin En'e da gidajen hakimai a hannun masinjoji da yaran hakimi. Wasiƙar talaka a cikin wannan jaka ta kan raɓa, kamar yadda kaska ke raɓar saniya ta sha tafiya. Ba don ita a ke tashin masinja ba. In babu takardar sarki mai gaggawa sai ta kwanta a ofis. In ta kai gidan hakimi sai ta jira dagaci ya zo gaisuwa, ko ya aiko. Daga dagaci sai mai unguwa, daga mai unguwa sai ranar kasuwa, a tambaya ko akwai mutumin ƙauye kaza. In ta shiga hannun mai ita kuma da saura, gama in da boko aka rubuta sai an nemo malamin haraji ko wani ɗan makaranta ya karanta, asirin gida ya zama na uku. Ku ƙirga hannuwan da ta bi. Babu ɗaya daga cikinsu da aka ɗauka aiki don ita, babu kuwa wanda za a tuhuma in ta ɓata. Manzon dā mutum guda ne mai suna, wannan kuwa mutum biyar ne ko shida, kowa na ganin alfarma ya yi.

Sai mu zo kan ma'aikatan gidan waya su kansu, gama nan ne babban ciwon ya ke. Aikin akawun gidan waya yana son wanda ya iya Turanci da lissafin fam da sule da kwabo, ya kuma iya buga tangaraho. A Arewa kuwa sai a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, Kwalejin Katsina sai a farkon shekarun 1920, ita ma malaman makaranta aka kafa ta ta horar. 'Yan kaɗan ɗin da suka fito daga makarantun nan En'e ta kwashe su, ta sa su malanta da aikin baitulmali da ofishin hakimai. Saboda haka gidajen waya na Arewa suka cika da akawuna daga Ikko da sauran ƙasar Kudu, da Gwalkwas da Saliyo, waɗanda suka zauna Sabon Garin Kano. Mutane ne da suka san aikinsu, kada a rage musu. Sai dai da yawansu ba su karanta ajami, saboda haka dole a rubuta adireshi da boko, har masu rubuta wa mutane wasiƙa don kuɗi suka kafa tebur a ƙofar gidan waya. Kuma ba kowa zai so a raba shi da iyalinsa da makarantar 'ya'yansa a tura shi gari mai nisan kwana huɗu daga tashar jirgi ba.

Inda aka buɗe ƙaramin gidan waya, sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu. Shi zai sayar da kan sarki, shi zai auna ƙunshi, shi zai rubuta wasiƙa mai rajista a littafi, shi zai biya fasa'oda, watau takardar nan da a ke aika kuɗi da ita, shi zai rarraba abin da ke cikin jaka, da dare kuma ya zauna ya daidaita lissafi, in kwabo ya ɓata daga albashinsa za a cire. Ran da zazzaɓi ya kā da shi gari ba shi da gidan waya. Inda ba a ga za a iya biyan ko da wannan mutum ɗayan ba, sai a naɗa wakili, wani mai kanti ko malamin makaranta, a ba shi kan sarki da hatimi da ɗan ihisani kaɗan. Wakili kuwa yana da nasa aikin da ke ci da shi. In mai sayen gishiri da mai neman wasiƙa suka zo tare, kun san wanda zai fara sallama. Mu dai ba mu ga laifinsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zamanin yaƙin Hitila ne talakawan ƙasar Kano suka san daɗin wasiƙa da zafinta. Samari da yawa suka shiga soja, aka kai su Habasha, daga baya Indiya da Bama. Uwa a ƙauye ba ta da wata hanyar sanin ɗanta na da rai sai takarda. Wasiƙu suka yi yawa, ma'aikata ba su ƙaru gwargwadon haka ba, kaya kuwa suka yi tsada, albashi bai motsa yadda ya kamata ba. Ran 22 ga Yuni 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da sauran na gwamnati suka ajiye aiki, Michael Imoudu na gaba, suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Aka yi kwana 44 ana abu ɗaya. Jirgi ya tsaya, jakunkuna suka taru a tasha, a daidai lokacin da dubban iyalai ke sauraron labari daga Bama. Daga bisani gwamnati ta sa Tudor Davies ya bincika, aka yi ƙarin a 1946. Yajin ya nuna wa Gwamna abin da mutumin ƙauye ya daɗe da sani, watau jirgi da waya ba su kai wasiƙa ko'ina in babu mai ɗaga jaka.

Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, manyan gidajen waya 176 ne a ƙasar duka, da ƙanana 10, da wakilai wajen 1,000. Ku auna wannan da faɗin ƙasar, za ku ga yawancin mutane da wakili suka dogara, ko da gidan hakimi. Gwamnatin Sardauna ta yi ƙoƙarin cika ofisoshinta da 'yan Arewa, amma gidan waya na gwamnatin tarayya ne, ba ya ƙarƙashin Kaduna. Da rikicin 1966 ya auku, aka kashe mutanen Gabas da yawa a garuruwan Arewa, sauran suka tattara suka koma gida. Bayan hasarar rayuka, wadda ita ce babba, jirgin ƙasa da gidan waya suka wayi gari ba ƙwararru. Aka shiga ɗibar samari daga makaranta ana koya musu aikin da gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi, don ba yadda za a yi.

Wannan labari ya shafi 'yan makaranta fiye da kowa. Birnin Kudu garin makaranta ne, kwalejin gwamnati da ke can ta yaye mutane irin su Abubakar Rimi da Aliko Ɗangote. A makarantar kwana ta wancan zamani ran da aka kawo wasiƙu ranar salla ce, a tara yara a riƙa kiran suna, mai fasa'oda ya yi ta murna, wanda ba a kira ba ya koma ɗaki jiki a sanyaye. Amma wasiƙar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda ke zuwa bayan yaro ya gama ya koma ƙauyensu. Takardar kira zuwa ganawa don aiki da ranarta a rubuce. Takardar shiga kwalejin horon malamai, ko ta jami'a bayan an kafa hukumar JAMB a 1978, ita ma da ranar da za a rufe rajista. Gidajen ƙauye ba lamba, lunguna ba suna, saboda haka yaro sai ya ba da adireshin tsohuwar makarantarsa, ko akwatin gidan waya na wani ɗan'uwa ma'aikaci, ko ya rubuta ta hannun hakimi. In makaranta tana hutu, ko mai akwati ya yi tafiya da mabuɗi, takarda na nan kwance lafiya lau, ranar kuwa ta wuce. Wanda ya aiko daga Kano ko Kaduna ko Ikko ya ba da mako biyu yana ganin ya yi adalci, don shi a garinsu mako biyu ya isa har da saura. Ba ya sanin yaron bai ƙi zuwa ba, sai ya rubuta bai zo ba, ya kira na bayansa. A ganinmu wannan ita ce hasara mafi girma da makarar wasiƙa ta jawo wa ƙasar nan, kuma ba ta shiga littafin kowa ba, gama ba a rubuta sunan wanda bai zo ba sau biyu.

Sauran labarin gajere ne. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar biyu, wasiƙa ta koma hannun NIPOST, tarho ya koma hannun NITEL. Lokacin kuwa kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnati na rage ma'aikata, jama'a na ta kukan jinkiri da ɓatan saƙo. A 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, hedkwata ta dawo Dutse, kusa da Birnin Kudu ƙwarai, nisan da aka yi shekara da shekaru ana fama da shi ya ragu a dare ɗaya. Amma bayan shekara goma, a 2001, wayar hannu ta shigo, gaisuwa da ta'aziyya da neman kuɗin makaranta duk suka bar ambulan suka koma cikinta. Sakamakon jarrabawa da takardar shiga jami'a su ma daga baya suka koma intanet.

Duk da haka akwai abin da waya ba ta ɗauka. Takardar shaidar gama makaranta ta ainihi, da takardun kotu da na fili, da magani, da ƙunshin kaya, dole sai hannu ya miƙa wa hannu. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta haura mutum 300,000, ta Gwaram ta haura 270,000, yawancinsu kuwa a garuruwa irin su Sundimina da Kantoga da Kila da Sara da Basirka su ke, da ƙauyukan da ke kewaye da su. Abin da mutane suka koma yi shi ne su tafi tasha su ba direba. A rubuta suna da lambar waya a bayan ambulan, a biya shi, in ya kusa gari ya buga ya ce a fito. In kun lura, manzon dā ne ya dawo, mutum guda mai suna, wanda a ke sanin inda za a same shi gobe. Sai dai shi wannan ba ya sauka daga kwalta, fasinjoji kuwa ba su yarda ya daɗe a tsaye. Mutumin ƙauyen da ke nesa da titi sai ya hau babur tun da hantsi, ya zo ya zauna gindin bishiya a bakin hanya, waya a hannu, yana duban kowace mota da ta ɓullo daga wajen Kano.